Gardamar Ƙwallo Ta Bar Filinmu

A ƙofar gidan kallon ƙwallo da ke kusa da tasha a Dirin Daji akwai baƙin allo da ake jinginawa da bango. Duk Asabar yaron gidan yakan goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗauki alli ya jera wasannin ranar da lokacin farawa da kuɗin shiga. Arsenal na nan, Chelsea na nan, Real Madrid da Barcelona ba sa fashi. Abin da ba ya hawa allon nan shi ne sunan wata ƙungiya ta Najeriya, balle ta jihar Kebbi. Ba wanda ya hana a rubuta. Babu dai mai tambaya ne.

Ranar 28 ga Oktoban 2024 da Manchester United ta sallami kocinta Erik ten Hag, teburin mai shayi bai watse ba sai da dare ya raba. Samarin da ba su taɓa wuce Kontagora ba suna lissafa 'yan wasan da mutumin ya saya da waɗanda ya ɓata, wani na rantsuwa an makara da korarsa, wani na cewa masu ƙungiyar ne matsalar. A wannan shekarar ce kuma, watanni kaɗan kafin nan, Kebbi United da ke buga gasar rukuni na biyu ta ƙasa ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin ƙalubale, kafin El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta tare mata hanya, ta wuce ta ɗauki kofin. Ƙungiyar jiharmu ce, daga ajin da 'yan jarida ke kira na 'yan dagaji, ta shiga cikin huɗun ƙarshe a duk faɗin ƙasar nan. Ban ji wanda ya ɗaga murya a kanta a teburin nan ba, ko da yabo ko da zagi. Wanda ya san sunan kocinta a wurin bai cika cikin cokali ba.

Da can ba haka abin yake ba. Lokacin ƙuruciyarmu gardamar ƙwallo tana da fili, kuma filin nan muna taka shi da ƙafarmu. Filin makarantar firamare ne, mai gangara ta gefe ɗaya, wanda duk ƙungiyar da ta ci zaɓen gida takan nemi ta fara da hawa don ta gangaro bayan hutun rabin lokaci. Raga ba ta da raga, gora biyu ce da igiya a sama, shi ya sa kowace ƙwallo da ta bi ta sama sai an yi shari'a a kanta. Da toka ake zana layi, mu yara mu ake aikawa gidaje mu kwaso a tsofaffin kwanoni, kuma wannan aiken shi ne tikitinmu na zama a gaba. Ƙwallon fata guda ɗaya ce a garin, mai ɗinki a kan ɗinki, idan ƙaya ta huda ta sai a tsaya jiran mai faci. Mu kuwa namu na tsumma ne ɗaure da zare, ko ɗanyen lemo idan an samu.

Kakar wasa tana bin kakar gona. A ƙasar Zuru ba a maganar wasa sai dawa ta shiga rumbu, samarin da ke golmo sun sauke nauyin gonar surukai, jiki ya huta, aljihu ya ɗan yi nauyi. Lokacin ne ake kokawa a dandali, lokacin ne ake shirin bikin Uhola, lokacin ne kuma ake aika takarda zuwa Sakaba ko Rijau ko Zuru ana neman wasan sada zumunci. Ranar tafiya a cika a-kori-kura da 'yan wasa da magoya baya, a ɗaura tulun ruwa da buhun lemo, a isa fuska duk ƙura kamar an fito daga rami. Iskar hunturu na busa leɓe, ƙafa ta tsage, amma babu mai cewa ya gaji. Idan an ci, tun daga bayan gari ake fara buga jikin mota. Idan an sha kashi, sai a lallaɓo bayan magariba kowa ya sulale gidansu.

Kocinmu malamin wasanni ne na makaranta. Shi ke da usur, shi ke ajiye ƙwallo da jesuna a ƙarƙashin gadonsa, shi ne kuma yakan cike kuɗin mota daga albashinsa idan karo-karo ya gaza. Gardama a kansa ba ta ƙarewa. Me ya sa ya ajiye ɗan gidan maƙeri a benci ya sa ɗan ƙanwar matarsa? Me ya sa ya cire mai tsaron gida bayan ƙwallo ɗaya tak? Bambancin kawai shi ne wanda ake gardamar a kansa yana jin ta. Gobe da safe za ka haɗu da shi a masallaci ko a kasuwa, ko ka tarar da shi a teburin da kake zaginsa jiya yana jiran shayinsa. Dattijo yakan tare shi a hanya ya ce, “Malam, yaron nan na bayan gari da ƙafar hagu, ka gwada shi mana.” Shi kuma ya rusuna ya ce, “To Baba, za a duba.” Wani lokaci a duba, wani lokaci a share. Amma magana ta isa inda aka aike ta, kuma mai yin ta ya san akwai ranar da za a tambaye shi abin da ya faɗa. Wannan ya sa ko zafin baki yana da linzami.

Sama da ƙwallon gari kuma akwai ta rediyo. Kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 muna ƙarƙashin Sakkwato, amma kunnenmu na Kaduna. A can muka ji sunan Raccah Rovers ta Kano wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, da Mighty Jets ta Jos, da Ranchers Bees ta Kaduna, daga baya Kano Pillars da aka kafa a 1990 ta zo ta kwashe zukatan yawancin mutanen arewa. Babu wanda ya taɓa ganin fuskar 'yan wasan nan. Kowa da siffar da ya ƙera musu a ransa, ana kewaye da akwatin rediyo ana juya shi gabas da yamma saboda murya na ɗaukewa daidai lokacin da mai sharhi ya fara ɗaga harshe. Batir ya yi sanyi a cire a shanya a rana. Sakamakon wasan Lahadi wani lokaci sai Talata yake tabbata, idan direba ya zo da jarida.

Wanda ya ce zamanin nan duk alheri ne, ko dai ya manta ko bai je fili ba. Ƙa'idar da ba a rubuta ba ita ce ba a cin mutum a gidansa. Alƙalin wasa yakan shigo fili yana duba ta inda zai gudu tun kafin ya hura usur. An ga wanda ya ba baƙi fenareti ya ƙare wasan a cikin gonar rogo, takalmi a hannu. An yi ta binne laya a gindin gora, ana fasa ƙwai a tsakiyar fili da asuba, ana hana baƙi shiga ta ƙofar da 'yan gida suka bi. Yaro ya karye a kai shi wurin maɗori, daga nan ƙwallo ta ƙare masa, babu mai sake tambayarsa. Wasan zumunci ya sha zama sanadin gaba tsakanin ƙauyuka biyu har sai masu gari sun zauna. Haƙurin da muke yabon kanmu da shi a kan koci ma ba duka ne na hali ba. In ka kore shi, wa zai ba ka usur da ƙwallo?

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Zinaren da Najeriya ta ci a Atlanta a 1996 ya sa yara suka fara bin 'yan wasanmu duk inda suka tafi. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, ya ja rabin gari zuwa can. Mikel Obi ya shiga Chelsea a 2006, ya kwashi sauran. A tsakanin nan wayar salula ta shigo a 2001, faranti mai kama tashoshin waje ya yi araha, ƙaramin janareto ya shiga kowane lungu. Wani ya kafa rumfar kwano, ya jera benci, ya rataya talabijin biyu, shi ke nan an samu gidan kallo. Yaron da da zai kwaso toka ya zana layi, yanzu kuɗin shiga yake nema.

A faɗi gaskiya, an samu riba. Matashin Dirin Daji na yau ya fi mu sanin ƙwallo nesa ba kusa ba. Ya ga yadda ake tsare gida da mutum uku ko huɗu, ya san satar gida da idonsa ba da labari ba, yana ganin maimaici ya yanke hukunci da kansa. Mu da muka taso a kan “buga ta gaba a bi ta da gudu” ba mu da bakin yi masa gori. Gidan kallo kuma ya haɗa waɗanda da wuya wani wuri ya haɗa su: Badakkare da Bahaushe da Bafulatani da Bakambare, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, a benci ɗaya, jesi ɗaya, suna rungumar juna idan ƙwallo ta shiga. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi Sakaba da Danko-Wasagu, aka daina cika mota da yamma a nufi wani gari don wasa kawai, rumfar nan ta zama wurin da saurayi zai manta da damuwa na awa biyu ba tare da ya bar gari ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ta wannan ƙofar caca ta shigo, ta waya, shiru-shiru. Akwai wanda yanzu ba ya goyon bayan kowa sai takardar da ya yanka, ƙungiyarsa ta ci amma ya fito yana tsaki saboda ba ta ci da yawan da ya sa kuɗi a kai ba.

Duk da haka tsohuwar gardamar ba ta mutu ƙurmus ba. Akwai 'yar majalisa a ƙofar shagon wani tela, mutum biyar zuwa shida, waɗanda har yau ƙwallon gida suke bi ta rediyo da Facebook. Na zauna da su sosai a 2022, shekarar da Kano Pillars ta faɗa rukuni na biyu tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ga wanda bai sani ba, wannan ita ce Pillars da ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, wadda ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, wadda kuma aka yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya lagon. Masu kirarin “Sai Masu Gida” sai ga su a ajin gajiyayyu.

Wani ɗan acaɓa a majalisar, matashi mai zafin jini, shi kullum maganarsa ɗaya ce. “Malam, wallahi koci ne. A Turai wasa biyar ka yi ba ci, ka kwashe kayanka. Mu nan sai a yi ta lallaɓa mutum.”

Tsohon malamin firamare da ke zama a kan kujerar tela ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Ɗana, koci ne ya farfasa gilasan motar Katsina United a Kano? Koci ne ya sa aka kori Pillars daga filinta, aka kwashe mata maki uku? Mu magoya baya muka yi wannan da hannunmu. An bar jaki ana dukan taiki.”

“To ai shi ke zaɓen 'yan wasa, Malam.”

“Kai ka ce. Je ka tambaya ko shi kaɗai ke zaɓa.”

Maganar dattijon nan ta taɓo inda ciwon yake. Yaron ya ɗauko ma'aunin Ingila ya ɗora wa Najeriya, alhali abin da ake aunawa ba iri ɗaya ba ne. Kocin da aka kora a Manchester an ba shi fili mai ciyawa, da likitoci, da 'yan wasan da albashinsu ba ya makara, don haka idan ya gaza ana iya cewa shi ya gaza. A nan kuwa yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne. Shugabanninsu naɗi ne, sukan zo da gwamnati su tafi da ita. Kuɗin ƙungiya sai takarda ta bi ofis-ofis an sa hannu. Labarin 'yan wasa na bin bashin albashi da alawus da kuɗin sa hannu ba baƙo ba ne a jaridunmu, haka ma labarin ƙungiyar da ta kwana a hanya cikin bas ta sauka ta shiga fili. A rukuni na biyu abin ya fi tsanani, domin ko da aka raba gasar shiyyar arewa da ta kudu don rage tafiya, daga Birnin Kebbi zuwa Maiduguri ko Yola ba nan kusa ba ne, ga hanya ba lafiya. Idan sakamako ya lalace, abu mafi sauƙi ga hukumar ƙungiya shi ne ta kira 'yan jarida ta ce ta ba koci wa'adin wasa uku. Magoya baya su yi tafi, a kawo sabo, shi ma ya tarar da bashin da na baya ya bari. Wannan daidai yake da manomin da ke tumɓuke dawa duk sati uku don ya ga ko ta yi saiwa.

Dattijon yakan kawo misalin Clemens Westerhof, wanda ya karɓi ƙungiyar ƙasa a 1989. A wasan farko na gasar Afirka ta 1990 Aljeriya ta zura mana biyar. Da a yau ne, da kafin ya iso filin jirgi an rubuta takardar sallamarsa. Aka bar shi, ya kai mu wasan ƙarshe a wannan gasar, ya zo na uku a 1992, ya ci kofin a 1994, ya kuma kai Najeriya gasar cin kofin duniya karo na farko. Ko su masu Manchester, Alex Ferguson da suke kuka da rashinsa tun 2013, ya zo a 1986 bai ɗaga kofi ba sai 1990. Ba sai an je nesa ba ma. Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, ƙungiyar ɗan kasuwa ce ba ta gwamnati ba, ta faɗa rukuni na biyu ta dawo, ta riƙe koci ɗaya, Daniel Ogunmodede, ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, sannan ta ɗauki gasar a 2025. Ba cewa ake kada a taɓa korar koci ba. Akwai ragon koci, akwai mai son kai, akwai wanda 'yan wasa suka daina jin maganarsa. Amma kafin a ce ya tafi, a fara tambaya ko an ba shi kayan aiki. Pillars da Katsina United dai duk sun koma babban rukuni a 2023, kuma ranar da labarin ya zo ɗan acaɓan nan shi ya sayi shayin kowa.

Abin da ya fi damuna ba lafiyar Pillars ba ce, ita tana da dubban masu yi mata faɗa. Tamu ce. Kebbi United tana wasanta a filin Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi, kuma mutumin Dirin Daji da ke son ganinta sai ya bi ta Zuru da Dabai da Mahuta, ya fita Koko, ya wuce Jega, ya kashe yini da kuɗin da zai ciyar da gida kwanaki. Ba za a zarge shi ba don ya zaɓi rumfar da ke bayan gidansa. Amma sakamakon shi ne ƙungiya tana ɗauke da sunan jiha, ana kashe mata kuɗin jama'a, jama'ar kuma ba su san hawanta ko saukarta ba. Ƙungiyar da magoya baya ke zagi tana da rai, domin mai zagi ya damu. Wadda babu mai fushi da ita, ko ta ci ko a ci ta duk ɗaya, ita ce abin tausayi. Kuma inda babu mai tambaya, nan ne ake yin yadda aka ga dama da koci da 'yan wasa da kuɗi.

Kada kuma a ce babu abin kallo a ƙananan filayenmu. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, a can ya fara taka leda kafin ya tafi Fotugal ya bi ta ƙananan ƙungiyoyi har FC Porto ta ɗauke shi a 2020. A watan Mayun 2022 shi ya zura wa Benfica ƙwallon ƙarshen lokaci da ta tabbatar wa Porto kofin gasar ƙasar, yana kuma cikin tawagar Najeriya da ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka a farkon 2024. A daren da ya ci ƙwallon nan gidajen kallo a jihar nan sun yi kamar su tsage, kowa na cewa namu ne. Namu ne tabbas. Amma lokacin da yake gudu a jar ƙasa babu takalmin kirki, mutum nawa cikin masu ihun suka tsaya kallonsa? Wani Zaidun yana nan yanzu a wani fili a Ribah ko Mahuta ko bayan makarantar Dirin Daji, yana buga wa awaki da yara biyar. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba na kiran kowa ya fasa kallon Arsenal, ni ma ina kallo, kuma ba na fatan a koma zamanin korar alƙali zuwa gonar rogo. Ilimin ƙwallon da samarinmu suka samu a gaban talabijin dukiya ce, abin da ya rage shi ne a kashe wani kaso nata a gida. Mai gidan kallo ya ware layi ɗaya a allonsa ya riƙa rubuta sakamakon Kebbi United da Sokoto United da Pillars, ko da ba a nuna wasan. Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Zuru su raya gasar kaka tsakanin garuruwa, da rana, a wuraren da tsaro ya samu, a nemo alƙalai daga waje a kuma kare mutuncinsu. Masu riƙe da ƙungiyar jiha su riƙa kawo wasannin share fage Zuru da Yawuri da Argungu, domin mutum ba ya son abin da bai taɓa gani ba. Ku kuma samari, ranar da za ku zauna yanke wa koci hukunci, ku tanadi rabin zafin nan domin wanda muryarku za ta iya kaiwa gare shi, kuma ku fara da tambayar da ta fi kowace: an biya yaran nan albashinsu?